Ƙwarewar Ungozoma a Inda Kayan Aiki Suka Yi Ƙaranci

Ƙwarewar ungozoma ita ce iya haɗa ilimi da aikin hannu da saurin yanke shawara wajen kula da mace daga goyon ciki har zuwa jego. Takardar shaida ba ta wadatar. Ana gane ƙwararriya ne a lokacin da haihuwa ta rikice, musamman a ƙaramin asibitin karkara da babu likita.

Abin da ake bukatar ta iya

Yawancin mace-macen mata wajen haihuwa na faruwa ne saboda zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda da shigar ƙwayoyin cuta. Don haka dole ungozoma ta iya ba da allurar oksitosin, da magnesiyam salfet ga mai jijjiga, ta iya ciro mabiyiya da hannu idan ta maƙale, ta kuma taimaki jaririn da bai yi numfashi ba cikin minti ɗaya na farko. Haka nan ta san lokacin da ya kamata ta tura mace babban asibiti tun da sauran ƙarfinta.

Abubuwan da ke tasiri

Na farko horo. A Najeriya, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ce ke tsara karatun, wanda ke ɗaukar shekara 3, ko shekara 2 ga ungozomar al'umma. Amma idan ɗalibai suka yi yawa a ɗakin haihuwa guda, wata takan kammala alhali kallo ta fi yi. Wadda kuma aka tura inda mata suka fi haihuwa a gida, hannunta yakan yi sanyi, domin aikin da ba a maimaitawa mantuwa yake yi. Gajeren atisaye a kai a kai a wurin aiki ya fi bitar mako guda a otal amfani.

Sai kayan aiki, kuma a nan ake yawan ɗora wa ungozoma laifin da ba nata ba. Oksitosin na bukatar ajiya a sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Inda babu wuta ga zafin bazara, ƙarfinsa na raguwa, sai a yi allura daidai amma jini bai tsaya ba. Kiyasta jini da ido ma yana yaudara, ko ga wadda ta daɗe tana aiki. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka gudanar a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da hannun masana daga Jami'ar Bayero ta Kano, ya gwada shimfiɗa wata leda mai ma'auni ƙarƙashin mai haihuwa, tare da ba da matakan magani a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunar zubar jini da illolinta sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100.

Akwai kuma yanayin aiki. Shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin tarayya ta soma a 2009 ya ci karo da jinkirin albashi da rashin masauki, har da yawa suka bar wuraren. Ungozoma ɗaya da ke kwana aiki ba mai duba ta, ba motar ɗaukar mara lafiya, kuskurenta kan yawaita, kuma takan rasa haƙurin sauraron mai naƙuda, abin da ke sa mata da dama ƙin komawa asibiti a ciki na gaba.