Daga Tukuba Zuwa Rabin Duro: Wutar Tsire a Kurmi



Tsire bai zo Kurmi shi kaɗai ba, shanu ya biyo. Jirgin ƙasa ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, fataucin shanu da goro ya bunƙasa, kakanninmu suka yi ta gangarowa. A 1916 aka kafa unguwar Sabo a Ibadan. A Ikko kuwa namu suka zauna a Agege da Obalende da Idi-Araba. Duk inda shanu suka sauka mahauta na biye, inda mahauci ya zauna kuwa sai an ga tukuba.

Mu dubi tukubar nan da kyau. Tudu ne na ƙasa da toka, wuta a tsakiya, tsinkayen nama a kafe kewaye da ita. Kitse in ya narke a toka yake ɗiga, ba a kan garwashi ba. A fili ake yin ta, nesa da dannin kara da rumfar ciyawa. Mai tsire ba ya tashi ya bar ta, in ya gama kuma sai ya binne garwashin. Magabata ba su da motar kashe gobara a kusa, don haka tsarin gashin kansa shi ne rigakafinsu.

Yau mun koma rabin duro da waya a kai, nama a saman wuta, kitse na zuba cikinta tana tashi. Filin ma babu. A tsakar gidan haya muke gashi, musamman da Layya, ga janareta, ga jarkar fetur, ga tukunyar gas, ga shanya a igiya, ga yara na guje-guje.

To mu komo kan tarbiyyar tukuba. A gasa a fili, nesa da mai da gas. Kada a hura gawayi da fetur. A ajiye bokitin yashi kusa, domin wutar kitse ruwa ƙara watsa ta yake yi. Kada a shigar da garwashi ɗaki ko shago a rufe ƙofa, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa cikin barci. A ƙara kula da hunturu. Kafin a kwanta a tabbatar tokar ta huce. Mazauna Legas su riƙe lambobin gaggawa 112 da 767.

Mu tuna, bango ɗaya ya raba mu da maƙwabta Yarbawa da Ibo. Gobarar da ta tashi daga gidan ɗayanmu, sunan al'ummarmu duka take ƙonawa, sunan da aka fi shekara 100 ana ginawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, amin.