Mummunan rauni a ƙwaƙwalwar yara

Mummunan rauni a ƙwaƙwalwa shi ne wanda yaro kan samu idan kansa ya bugu ƙwarai, har ya faɗa doguwar suma, ya kasa buɗe ido ko amsa kira.

Akasari haɗarin mota ko na babur ne ke haddasa shi, sai kuma faɗowa daga bene ko bishiya. Ga jariri kuwa, girgiza shi da ƙarfi cikin fushi ya isa ya tsinka jijiyoyin jini a cikin kansa, ko da babu tabo a waje.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen hallaka yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29.

Yadda ake auna shi

Likitoci na amfani da wani ma'auni da Graham Teasdale da Bryan Jennett na Jami'ar Glasgow a Burtaniya suka fito da shi a 1974. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsin jiki, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Wanda ya samu 8 ko ƙasa da haka, rauninsa ya yi tsanani. Yaron da bai fara magana ba, kukansa ake lura da shi.

Rauni na biyu

Ɓarnar da bugun farko ya yi, ta riga ta auku, kuma babu maganin da ke mayar da ita. Abin da ake tsoro shi ne abin da ke biyo baya.

Ƙwaƙwalwa kan kumbura kamar kowace gaɓa da ta bugu, sai dai ita tana cikin ƙoƙon kai, ba ta da wurin buɗawa. Idan kumburin ya ƙaru, sai ya matse hanyoyin jini, ƙwaƙwalwar ta rasa iskar oksijin, sassan da bugun bai taɓa ba su ma su fara mutuwa. Wannan ne likitoci ke kira rauni na biyu, kuma kusan duk aikin da ake yi a sashen kulawa ta musamman don hana shi ne.

A kan zura wa yaron bututu a maƙogwaro, a haɗa shi da na'urar numfashi, a ba shi maganin barci da na zafin ciwo. A kan ɗaga kan gadon da kimanin digiri 30, a hana zazzaɓi, a yi riga-kafin jijjiga, a kuma tabbatar ƙarfin jininsa bai faɗi ba.

Inda ake da kayan aiki, a kan sa wata 'yar na'ura cikin kai domin auna matsin. Idan ya haura 20 a ma'aunin, sai a ba da ruwan gishiri mai ƙarfi ta jijiya, ko maganin manitol, domin janye ruwa daga ƙwaƙwalwa. In abin ya faskara, likitan tiyata kan cire wani ɓangare na ƙoƙon kai, a mayar da shi bayan kumburin ya saɓe.

An fara wallafa ƙa'idojin jinyar yara masu irin wannan rauni a Amurka a 2003, aka sabunta su a 2012 da 2019. Wasu dabarun da aka ɗora wa buri ba su kai labari ba. Wani gwaji da aka wallafa a 2008, kan yara 225, ya nuna sanyaya jiki na tsawon sa'o'i 24 bai ƙara musu komai ba. Magungunan sitiroyid ma an daina ba da su don wannan kumburi, bayan wani babban gwaji kan manya a 2004 ya nuna suna ƙara yawan mace-mace.

Kafin a isa asibiti

Rauni na biyu na iya farawa tun a bakin titi, musamman a ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar, inda galibi jama'a ne ke ɗaukar wanda ya yi haɗari, ba motar asibiti ba.

Al'adar ɗura wa wanda ya suma ruwa na da haɗari, domin ruwan na iya shiga huhu. Haka nan bai kamata a ɗauki yaron kansa na reto ba, saboda mai yiwuwa ƙashin wuya ya taɓu.

Farfaɗowa kuma ba ta nufin an tsira. Akwai yaron da kan tashi ya yi magana, alhali jini na taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kansa, bayan 'yan sa'o'i ya sake suma. Yawan amai, da barcin da ya wuce kima, da buɗewar ƙwayar ido ɗaya fiye da ɗayar, alamu ne na a garzaya asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa.

Yara da dama kan rayu, su koma tafiya da magana. Sai dai da yake ƙwaƙwalwarsu ba ta gama girma ba, wata illar, kamar mantuwa, da saurin fushi, da wahalar ɗaukar karatu, ba ta bayyana sai bayan shekaru, lokacin da darussan makaranta suka fara nauyi.