Mahaucin da Ya Kayar da Niyu Zilan

Wani mai sauraronmu ya aiko takarda yana tambaya: wai shin 'yan wasan Turai na da can suna da wata sana'a, ko kuwa wasan ne abincinsu? To malam, mun gode. Bari mu ba ka amsa da tarihin Clem Thomas, ɗan wasan ƙwallon zari-ruga na yankin Wels da ke Birtaniya, wanda sana'arsa fawa ce.

Da farko dai, zari-ruga ba irin tamaular da kuka sani ba ce. Ƙwallon kamar ƙwai take, da hannu ake ɗaukarta a ruga, kuma kowane gefe mutum 15 ne. Takwas daga ciki su ne 'yan gaba, ƙarfafa, masu turereniya da ƙwato ƙwallo su miƙa wa masu gudu. Su ke shan wuya, masu gudu su sha tafi. A cikin takwas ɗin nan Clem yake.

An haife shi a 1929. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya buga wa kulob ɗin garin Suwansi, kuma dillalin nama ne mai sayar wa ƙananan mahauta. A zamaninsa doka ta hana a biya ɗan zari-ruga ko kwabo, sai a 1995 aka ɗage ta. Saboda haka 'yan wasan Wels da yawa maƙera ne, ko malaman makaranta, ko masu haƙar kwal. Ranar Asabar a yi wasa, Litinin kowa ya kama aikinsa.

Ya fara buga wa Wels a 1949, a karawa da Faransa. Aka cinye su, aka ajiye shi, ba a sake kiransa ba sai 1952. Bai yi zuciya ba.

Ranar da ta ɗaga sunansa ita ce 19 ga Disamba, 1953, a birnin Kadif, inda Wels ta kara da Niyu Zilan, gwanayen wasan. Lokaci ya kusa cika ana 8 da 8, sai ƙwallo ta faɗo hannun Clem a bakin layi, abokan hamayya sun taso masa. Abin da aka saba gani ga ɗan gaba shi ne ya sunkuyar da kai ya kutsa. Shi kuwa sai ya ɗaga ido, ya narka mata ƙafa ta tsallaka fili zuwa ɗaya gefen. Can Ken Jones yake, ɗan tseren da ya ci lambar azurfa a wasannin Olamfik na 1948. Ya cafe, ya ruga ya dangwala ta bayan layi. Aka tashi 13 da 8. Har ƙarshen 2025, shekara 72 ke nan, Wels ba ta sake cin Niyu Zilan ba.

A 1955 aka zaɓe shi cikin tawagar Lions, wato gwanayen Birtaniya da Ailan, zuwa Afirka ta Kudu. Da isarsu ciwon ciki ya kama shi, aka yi masa tiyata. Duk da haka ya warke ya buga manyan wasanni biyu na ƙarshe, kuma aka tashi kowa ya ci biyu. Ya buga wa Wels sau 26, ya yi mata kyaftin, ya daina a 1959. Daga nan ya shafe shekaru yana rubuta labarin wasan a jaridar Observer. Ya rasu a 1996.

To malam, ka ji amsarka. Wasa ya ba Clem suna, amma sana'a ce ta riƙe gidansa. Matasanmu masu son ƙwallo su buga, ba laifi, sai dai kada a saki fartanya ko awo. Mu kwana nan, sai mun ji daga gare ku.