Makullin da ake tsoron mayarwa

A shekarun 1980, mai kwana a titin New York sai ya cika sharuɗɗa kafin a ba shi ɗaki: ya bar shaye-shaye, ya riƙa shan magani, ya nuna ya natsu. Da yawa sun zame a hanya. A 1992 Sam Tsemberis ya kafa ƙungiyar Pathways to Housing, ya ce a miƙa makulli tukuna, magani ya biyo baya. Haya kuwa kashi 30 cikin ɗari na abin da mutum ke samu.

Yanzu ana so waɗanda suka murmure su tashi, su bar wa na baya gurbi. Suna noƙewa, ni kuwa ban ga laifinsu ba. A gini irin tsohon otal ɗin Times Square, wanda aka mayar gidan masu kwana a titi, akwai ma'aikaciyar da ke taya mutum cika takardun tallafi, akwai mai gadin da ya san sunansa, in an kwana biyu ba a gan shi ba a ƙwanƙwasa ƙofa. A waje sai mai gida da hayar da ke hauhawa. Wanda ya taɓa rungumar kayansa a leda cikin sanyin Janairu ya san jinyar wata ɗaya ta isa ta mayar da shi titi.