Yadda Hukumomin Ingila Suka Yi da Lasin Motocin Haya

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a teburin yankan lasin, ko da na keke ne, ya san tambaya biyu ke tasowa. Ta fari, wa ya cancanta a ba shi? Ta biyu, mutum nawa za a ba? Ta farin da sauƙi, gama ana iya duba mutum, a duba abin hawansa. Ta biyun ita ce ta wahal da hukumomin Ingila kusan shekara ɗari huɗu, a kan sha'anin kekunan doki na haya da motocin da suka gaje su, watau tasi.

Cikin 1634 wani mutum da a ke kira Kyaftin Bailey ya jera kekunan doki huɗu a bakin titin Strand cikin birnin Landan, ya yanka wa masu tuƙinsu kuɗin da za su riƙa karɓa. Wannan ita ce tashar haya ta farko a birnin. Da waɗansu suka ga akwai samu, sai suka yi ta fitowa da nasu. Waɗanda abin ya fi ɓata wa rai su ne masu fito a kogin Thames, domin a da ta ruwa mutanen Landan su ke yawancin zirga-zirgarsu. Suka yi ta kai kuka, har Sarki Charles na Farko ya yi shela cewa kada keken haya ya ɗauki kowa sai mai tafiyar da za ta kai mil uku bayan gari. Shelar ba ta yi ƙarko ba.

Cikin 1654, a zamanin Oliver Cromwell, aka yi dokar da ta yanke adadi sosai: masu sana'ar kada su wuce 200, kekunansu kada su wuce 300, dawakinsu kuwa 600. Aka damƙa kula da su a hannun majalisar dattawan birnin, watau hukumar gari ce ta fara riƙe wannan aiki. Amma bai daɗe a hannunta ba. Cikin 1662 Majalisar Dokoki ta mai da shi hannun waɗansu wakilai na sarki, ta ce a ba da lasin 400, kowane fam 5 a shekara, kuɗin a gyara tituna da su. Cikin 1694, sa'ad da Ingila ke yaƙi da Faransa baitulmali na neman kuɗi, aka kai adadin 700, aka sayar da kowane lasin fam 50 na shekara 21, ban da fam 4 da za a riƙa biya kowace shekara. Daga nan sai ƙari: 800 cikin 1711, 1,000 cikin 1771.

Mai karatu ya lura, dalilin da a ke faɗa a baki shi ne cunkoson hanya, amma abin da ke motsa adadin sau da yawa bukatar baitulmali ce. Masu lasin kuma, da ya ke sun san ba mai shigowa ya yi takara da su, ba su damu da gyara ba. Yawancin kekunansu tsofaffi ne da manyan gidaje suka gama yayinsu suka sayar.

Cikin 1831 aka yi dokar da ta ɗage iyakar, ta fara aiki cikin Janairu 1833. Tun daga ran nan ba a sāke yanke yawan motocin haya a Landan ba. Kada a ce an saki sana'ar ne sakaka. An tsananta ta wajen mai tuƙi da abin da ya ke tuƙawa. Aka sa kowane direba ya yanki lasin nasa ya rataya lamba. Cikin 1850 aikin ya koma hannun 'yan sandan birnin, cikin 1865 kuma aka kafa jarrabawar sanin gari, wadda har yanzu sai mutum ya haddace titunan da ke cikin mil shida daga Charing Cross kafin ya ci ta, abin da kan ɗauki shekara uku ko huɗu. Cikin 1907 aka wajabta wa motoci agogon ƙidaya kuɗi. Ƙofa a buɗe ta ke ga kowa, sai dai matakalarta da tsawo.

Sauran garuruwan Ingila hanya dabam suka bi, kuma nan ne labarin ya fi kusa da aikin ƙaramar hukuma. Dokar 1847 ta ba hukumar gari iko ta ba da lasin ga kekunan haya gwargwadon adadin da ta ga ya dace. Lasin na shekara guda ne, kuɗinsa bai wuce sule biyar ba, kuma tilas a manna wa keken allo mai lamba. Garuruwa da yawa suka yanke adadi suka rufe littafi.

Abin da masu dokar ba su hango ba, kotu ce ta fito da shi bayan shekara ɗari daidai. Wani kamfani mai suna Teletax ya sayi motocin haya masu lasin a garin Weymouth, hukumar garin ta ƙi rubuta sunansa a littafinta. Cikin 1947 babbar kotu ta yanke cewa lasin na bin mota ne, in mota ta sāke hannu, tilas hukuma ta rubuta sabon mai ita. Hukuncin a takarda gajere ne, amma ya yi nisa. Tun da hukuma ta daina ba da sabon lasin, tsohon kuma ana iya sayensa tare da mota, sai allon lamba ya zama kadara. A waɗansu garuruwa farashinsa ya kai dubban fam, ya ninka na motar da ya ke jikinta. Ba ko kwabo daga wannan kuɗi da ke shiga asusun hukumar da ta haddasa tsadar. Saurayin da ke son shiga sana'ar kuwa, ko dai ya ci bashi, ko ya yi shekaru yana tuƙa wa mai allo. In hukuma ta ce za ta buɗe littafi, sai wanda ya sayar da gidansa ya sayi lamba ya zo ya tsaya gabanta, ba kuwa za a ce ba shi da abin faɗa ba.

Birnin New York na Amurka ya nuna iyakar inda irin wannan ke kaiwa. Cikin 1937 aka rufe adadin tasi a can, ana yankan lamba dala 10. Zuwa 2011 an sayar da lamba guda dala miliyan ɗaya. Da motocin da a ke kira ta wayar hannu suka cika gari, farashin ya karye, direbobi masu yawa suka kwana cikin bashin da ba su iya biya.

A Ingila an nemi tsaka-tsaki. Dokar 1976 ta kawo lasin motocin da sai an yi alkawari da su kafin su ɗauki mutum, ta kuwa hana hukuma yanke yawansu. Dokar 1985 ta taɓa tasi kanta: hukuma ba ta da ikon hana sabon lasin don rage yawa, sai in ta tabbata babu wata bukata mai yawa ta jama'a da ba a biya ba. Nauyin hujja ya koma kan hukuma ke nan, wanda aka hana kuma yana da hanyar ɗaukaka ƙara. Cikin 2003 ofishin gwamnati mai kula da adalcin ciniki ya ba da shawara a soke iyakar gaba ɗaya. Cikin 2014 hukumar gyaran dokoki ta ce a bar wa garuruwa ikonsu. An bar shi, ko da ya ke yawancinsu sun daina amfani da shi. Waɗanda suka riƙe iyakar, gwamnati ta shawarce su su sāke bincike lokaci-lokaci. Sai a tura mutane tashoshi dare da rana, suna rubuta fasinja nawa suka tsaya, minti nawa kowa ya jira, domin ranar da aka shiga kotu wannan takarda ce alƙali zai nema.