Halimatu Ayinde: 'Yar Kaduna A Tsakiyar Filin Super Falcons



Yau batun ƙwallon mata zan taɓo, ko da yake na san da yawa daga cikinmu za su ɗan yamutsa fuska. A gidajen kallon ƙwallonmu, matasa sun san sunan kowane ɗan wasan Arsenal da Chelsea har da na benci, amma ka tambaye su wata 'yar Arewa guda da ta buga wa Nijeriya gasar cin kofin duniya, sai ka ji shiru. To, akwai ta, sunanta Halimatu Ibrahim Ayinde, an haife ta a Kaduna ranar 16 ga Mayu, 1995.

Mai karatu zai ce ai Ayinde sunan Yarabawa ne. Haka ne. To amma mu da muke zaune a ƙasar Kambari, 'ya'yanmu aka haife su a nan, suka tashi a nan, mu ne ya fi cancanta mu gane cewa wanda aka haifa a gari ɗan gari ne. Idan muka ce Kaduna ba ta da rabo a cikinta, to me za mu ce in an faɗa wa namu haka a Magama?

Kafin zuwanta, Super Falcons sun riga sun yi suna. Sun je gasar duniya ta farko a ƙasar Sin a 1991, kuma a 1999 a Amurka suka kai wasan kusa da na kusa da na ƙarshe, Brazil ta fitar da su da ci 4 da 3 bayan ƙarin lokaci. Sai dai taurarin wancan zamani, irin su Mercy Akide da Florence Omagbemi, daga Kudu suka fito. Yarinyar da ta tashi a Arewa tana son tamaula, kafin ta fuskanci abokan karawa sai ta fara fuskantar bakin unguwa.

Halimatu 'yar tsakiya ce, mai tsaron gaban 'yan baya. Wannan aiki ne da ba a yi wa tafi: kai ne za ka ƙwace ƙwallo, ka miƙa wa wani, shi ya ci, a ɗauki hotonsa. Haka aka yi a Kanada a 2014, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Asisat Oshoala ta ci ƙwallo 7 ta kwashe kyaututtuka, duniya ta san ta, Halimatu kuwa tana baya tana share mata hanya, har suka kai wasan ƙarshe inda Jamus ta doke su da ci ɗaya mai ban haushi a ƙarin lokaci. A wannan shekarar kuma ta ɗaga kofin Afirka da manyan a Namibiya.

Daga Delta Queens ta tafi Western New York Flash ta Amurka a 2015, zaman bai yi tsawo ba. Ta ratsa ta FC Minsk ta Belarus, sannan ta samu wurin zama a Sweden: Asarum, Eskilstuna United, daga bisani Rosengård ta birnin Malmö a 2022, ƙungiyar da ta lashe gasar ƙasar a shekarar da kuma 2024.

Inda nake son a tsaya shi ne daren 18 ga Yuli, 2022, a Rabat. Wasan kusa da na ƙarshe ne na kofin Afirka da Maroko mai masaukin baƙi, fili cike da mutum sama da 45,000, kusan dukkansu na Maroko. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci aka ba Halimatu jan kati. Can kuma aka kori Rasheedat Ajibade. 'Yan wasa tara suka rage, suka jure har ƙarshen ƙarin lokaci ana kunnen doki 1 da 1, kafin a fitar da su a bugun fenareti da 5 da 4. Wanda ya san ƙwallo ya san abin da ake nufi a rasa mai tsaron tsakiya a irin wannan wasa, kuma laifin nan ba a raba shi da kowa, kanta ya hau. Hukuncin ma ya bi ta har shekara mai zuwa, don ba ta buga wasan farko da Kanada ba a gasar duniya ta 2023 a Ostireliya. Da ta dawo, Nijeriya ta doke masu masaukin baƙi da ci 3 da 2, kuma Ingila ba ta iya zura musu ko ɗaya ba cikin minti 120, sai a fenareti ta tsallake.

Ni a ganina, da wata ce mai raunin zuciya, da daren Rabat ya zama ƙarshen labarinta. Amma sai ga ta a Rabat ɗin dai, ranar 26 ga Yuli, 2025, tana da shekara 30, a wasan ƙarshe da Marokon dai. Aka tafi hutu Maroko na gaba da ci 2 da nema. Esther Okoronkwo ta farke ɗaya, Folashade Ijamilusi ta rama na biyu, Jennifer Echegini ta ci na uku saura 'yan mintoci a tashi. Kofi na goma ke nan ga Nijeriya, kuma mai horar da su, Justin Madugu, shi ma ɗan Arewa ne, mutumin Adamawa.

Da suka dawo Abuja, Shugaba Tinubu ya sanar da ba kowace 'yar wasa lambar girmamawa ta OON, da gida mai ɗaki uku, da kuɗi daidai da dala 100,000. Ku tuna a 2016, bayan cin kofi a Kamaru, wannan ƙungiyar ce ta ƙi barin otal ɗinta a Abuja, har 'yan wasan suka yi tattaki zuwa Majalisar Dokoki ta Ƙasa kafin a biya su haƙƙinsu.