Wa Za Mu Fara Ɗauka, Babe Ruth Ko Josh Gibson?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa: da Pele ya gamu da masu tsaron bayan wannan zamani, zai ci ƙwallayen da ya ci? Mu dai a fatar baki muke yin ta, a tashi kowa na kan bakansa. Amurkawa masoya wasan besbol ba su bar tasu a baki ba. Kusan shekara ɗari ke nan suna ƙirƙiro hanyoyin tayar da 'yan wasan da suka daɗe a kabari, su jera su ƙungiya-ƙungiya, su sa su kara da juna a kan tebur, daga baya kuma a cikin kwamfuta. Abokai goma ko goma sha biyu ne za su haɗa gasa, kowa da ƙungiyarsa, a zuba sunayen 'yan wasan tarihi kaf a faifai ɗaya, a riƙa ɗauka bi da bi har kowa ya cika mutum 25. Masu buga Fantasy na gasar Firimiya a waya sun san daɗin irin wannan zaɓe. Sai dai su abin da ɗan wasa zai yi ranar Asabar suke jira. A nan kuwa abin da ya yi a 1921 ake dogaro da shi, ko mu ce abin da aka rubuta cewa ya yi.

Ga wanda bai san wasan ba, a taƙaice mutum biyu ne ke fuskantar juna a kowane lokaci: mai jifa da mai duka. Wancan ya wurgo ƙwallo, wannan ya yi ƙoƙarin dukanta da sanda ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu. In ya doke ta ta tsallake katangar fili, ya zagaya salin-alin ke nan, shi ne babban abin alfahari. Da yake wasan a yanke yake, jifa ɗaya bayan ɗaya, komai nasa yana ƙirguwa. Wani ɗan jarida haifaffen Ingila, Henry Chadwick, shi ya yaɗa ɗan jadawalin nan da ake bugawa a jarida bayan kowane wasa tun wajen 1859: sau nawa wane ya shiga duka, sau nawa ya dace, maki nawa aka ci mai jifa. Wannan jadawali shi ne tubalin duk abin da za mu tattauna. Wanda ya shiga cikinsa ana iya tayar da shi. Wanda bai shiga ba, sai dai a ba da labarinsa.

A 1941 wani tsohon ɗan wasa, Ethan Allen, ya fito da All-Star Baseball, inda kowane ɗan wasa yake da faifan takarda da aka rarraba daidai da alƙalumansa, a ɗora shi ƙarƙashin kibiya mai juyawa. Yankin tsallake katanga a faifan Babe Ruth faffaɗa ne, na wani kuwa ɗan siriri. A 1951 Dick Seitz ya fara sayar da APBA a jihar Pennsylvania, mai amfani da katuna da ƙwayoyin nan masu ɗigo-ɗigo irin na ludo. Shekara goma bayan nan Hal Richman ya kawo Strat-O-Matic, wanda dabararsa ta fi burge mu: ƙwaya uku ake jefawa, ɗaya ta nuna ko katin mai duka za a duba ko na mai jifa, sauran biyun su nuna layin da sakamako yake. Ke nan rabin ƙaddarar kowace karawa na hannun wannan, rabi na hannun wancan. Yau manhajoji irin su Out of the Park Baseball, wadda wani Bajamushe Markus Heinsohn ya fara fitarwa a 1999, suna buga kaka guda cikin 'yan mintoci. Amma har gobe ginshiƙin bai sauya ba, na'ura abin da aka ba ta take taunawa. Masoya dambe za su tuna fim ɗin da aka haska a Janairun 1970, inda aka ce kwamfuta ta yanke cewa Rocky Marciano ya kayar da Muhammad Ali a zagaye na 13. Ba kowa ya yarda ba, kuma da gaskiyarsu.

To, mu zauna zaɓe. Matsala ta farko da za ta tare mu ita ce zamani. Kafin 1920 ƙwallo ɗaya ake ta bugawa har ta yi laushi ta yi baƙi ƙirin, masu jifa suna shafa mata yawu da ruwan taba. A wancan lokaci akwai Frank Baker, wanda tsallake katanga ta zama laƙabinsa, alhali bai taɓa wuce 12 a kaka guda ba. A 1920 aka fara hana shafe-shafen nan, kuma bayan ƙwallo ta bugi Ray Chapman a ka ya mutu a watan Agustan shekarar, sai aka dage da sauya ƙwallo da zarar ta yi datti. A wannan kaka Babe Ruth ya tsallake katanga sau 54, fiye da abin da kowace ƙungiya a rukuninsu ta yi gaba ɗayanta, in ban da tasa. In muka ɗauki Baker da 12 ɗinsa tsurarsu muka ajiye kusa da 'yan wasan 1998, ya zama ba kowa ba. Haka masu jifa. Cy Young ya ci wasa 511, adadin da babu mai kusantarsa, amma a zamanin da mai jifa yake fara wasa ya gama abinsa, ya dawo bayan kwana biyu ko uku. Bob Gibson ya hana kowa sakat a 1968, har a kaka ta gaba hukuma ta rage tudun da mai jifa ke tsayawa daga inci 15 zuwa 10.

Wannan matsala tana da magani, kuma masu shirya irin wannan gasa sun daɗe da samo shi. Ana auna kowane mutum da tsararrakinsa: da kashi nawa ya fi matsakaicin ɗan wasan shekararsa? Sai a ɗauko wannan fifiko a dasa shi a zamanin da aka zaɓa a yi gasar. Har shekarun da Ted Williams ya rasa, uku a yaƙin duniya na biyu da kusan biyu a yaƙin Koriya, ba su cika damun kowa ba, domin abin da ya bari a rubuce ya isa a san ko shi wane ne.

Matsala ta biyu ce ba ta jin wannan magani. Idan muka zo gurbin mai cafke ƙwallo, wato wanda ke tsugune bayan mai duka, sunayen da tsofaffin katuna za su miƙo mana su ne Johnny Bench da Yogi Berra da Mickey Cochrane. Shekaru da dama babu katin Josh Gibson a cikin kwalin, kuma ba mantuwa aka yi ba.

A 1884 wani baƙar fata, Moses Fleetwood Walker, ya buga wa Toledo a babbar gasa. Kafin ƙarshen shekarun 1880 an rufe wannan ƙofa, ba tare da manyan gasanni sun rubuta wata doka ba, masu ƙungiyoyi ne suka haɗa baki. Ba a sake buɗe ta ba sai ranar 15 ga Afrilun 1947, da Jackie Robinson ya fito wa Brooklyn Dodgers. A tsakanin nan baƙaƙen fata suka gina nasu. Rube Foster ya tara masu ƙungiyoyi a Kansas City a Fabrairun 1920 suka kafa gasar Negro National League, wasu suka biyo baya. A nan Gibson ya yi rayuwarsa ta wasa, a Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords. Ya rasu ranar 20 ga Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kacal kafin Robinson ya taka filin Brooklyn.

Abin da ya sa katinsa ya yi wuyar haɗawa shi ne yadda aka tilasta wa waɗannan ƙungiyoyi neman abinci. Ƙungiyar farar fata tana da filinta, tana buga wasa 154 a kaka, manyan jaridu na bin ta da alƙalami. Ƙungiyar baƙar fata sau da yawa hayar fili take yi, wasannin gasa na ainihi galibi ba sa kai rabin wancan adadi, sauran kwanaki a mota ake ƙare su, gari zuwa gari, ana karawa da duk wanda zai tara 'yan kallo: ma'aikatan masana'anta, ƙungiyoyin ƙauye, wani lokaci taurarin farar fata bayan kaka ta ƙare. Da sanyi ya shigo kuma a tsallaka Kyuba ko Puerto Rico. Jaridun baƙaƙen fata irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender sun yi iya ƙoƙarinsu, amma mako-mako suke fitowa, kuma ba kowane wasa aka aiko musu da jadawalinsa ba. Shi ya sa allon tunawa da Gibson a zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown yake ba shi tsallake katanga kusan 800, alhali waɗanda aka tabbatar a wasannin gasa ba su kai 200 ba. Duka biyun suna iya zama gaskiya. Sai dai ƙwayar ludo da na biyun kaɗai take iya aiki.

Mutanen da suka cike wannan giɓi yawancinsu ba ma'aikatan hukumar wasan ba ne. Masu bincike ne na sa-kai da suka kwashe shekaru suna duba tsofaffin jaridu shafi-shafi, suna tsinto jadawali ɗaya bayan ɗaya, har aka tara rumbun Seamheads. A 2009 kamfanin Strat-O-Matic ya fitar da katunan taurarin gasannin baƙar fata, sama da mutum ɗari. Abin lura a nan, teburin wasa ya riga ofis: sai a Disambar 2020 hukumar Major League Baseball ta amince cewa gasanni bakwai na baƙar fata, daga 1920 zuwa 1948, manyan gasanni ne. A Mayun 2024 ta shigar da alƙaluman 'yan wasa fiye da 2,300 cikin kundinta. Rana ɗaya Gibson ya hau saman jerin dacewar duka da .372, wato a kowace shiga dubu ya dace sau 372, ya sauko da Ty Cobb da ya riƙe wurin kusan ƙarni guda da .367. Ya kuma ƙwace wa Ruth kambin ƙarfin duka, .718 a kan .690.

Ba kowa ya yi murna ba. Masu ƙorafi suna cewa shigar Cobb duka ta haura 11,000, ta Gibson da aka ƙirga kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba, kuma ba a san ko ƙarfin gasannin biyu ɗaya ne ba. Maganar tana da nauyi, kuma duk mai haɗa kati dole ya yi fama da ita, don alƙaluma kaɗan suna iya kumbura mutum ko su tauye shi. Amma a ganinmu ana yawan yin tambayar ta gefe guda. In ana shakkar Gibson don bai fuskanci Lefty Grove a gasa ba, to Ruth ma bai fuskanci Bullet Rogan ko Smokey Joe Williams a gasa ba. Katangar da ta hana wannan shiga ita ce ta tsare wancan daga kishiya. Kowane kati daga 1890 zuwa 1946, na fari da na baƙi, a rabin fage aka samo shi. Hujjar da ta fi gamsar da mu kuwa ita ce abin da ya faru da aka buɗe ƙofa: daga 1949 zuwa 1959, sau tara cikin goma sha ɗaya kyautar gwarzon shekara ta rukunin National League ta tafi hannun mutanen da suka fito daga gasannin baƙar fata, irin su Robinson, Roy Campanella, Willie Mays, Hank Aaron da Ernie Banks. Satchel Paige ya shiga Cleveland a 1948 yana da shekara 42, lokacin da sa'o'insa sun daɗe da ajiye wasa, kuma bai ji kunya ba. Wanda ya ɗauki Paige a zaɓe da katin wasa 28 da ya ci a wannan ɓangare, tsohon ya ɗauka, ya bar saurayin a waje.

Saboda haka in zaɓin farko ya faɗo hannunmu, muna iya ɗaukar Ruth ba tare da jin nauyi ba, domin shi mai duka ne kuma ya taɓa zama gwanin jifa a Boston. Amma akwai lissafin da gogaggun masu zaɓe suka sani: gurbin da gwanaye suka yi ƙaranci shi ake fara cikewa. Masu dukan da ke tsaron bayan fili suna da yawa, in ka rasa Ruth ga Williams, ga Mays, ga Oscar Charleston, wanda masanin alƙaluma Bill James ya sa na huɗu a duk tarihin wasan a littafinsa na 2001, ko da yake Amurkawa da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Mai cafke ƙwallo da yake duka kamar Ruth kuwa ɗaya ne tak. Ta wannan lissafi, ba don tausayi ko gyaran tarihi ba, Gibson muke fara kira.

Sai dai mu san cewa katin da za a miƙo mana bai cika ba. Kwamitin da ya tantance alƙaluman ya ƙiyasta cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na jadawalan 1920 zuwa 1948 aka gano, kuma ƙa'idarsa ita ce in babu jadawali, babu ƙirga. An ruwaito cewa Gibson ya tsallake katanga sau huɗu a wasa guda a 1938, amma ba a ga jadawalin wasan ba, don haka ba a sa su ba. Willie Mays, wanda ya fara da Birmingham Black Barons a 1948 yana ɗan shekara 17, an ƙara masa duka goma, jimillarsa ta koma 3,293. Tsallake katangar da aka ruwaito ya yi a watan Agustan wannan shekara ita ma tana jiran a tsinto takardarta. Mays ya rasu ranar 18 ga Yunin 2024, kwana biyu kafin manyan ƙungiyoyi su buga wasan girmamawa a Rickwood Field, filin Birmingham da ya fara wasa a cikinsa, adadinsa na nan a 660.